Uwar Kwaɓin da Iya Ta Binne Gindin Randa

Watan jiya na je Yamai ganin likitan ido, na sauka gidan ƴata Rabi. Da la'asar sai ga ta ta dawo daga kanti da wani abu cikin leda, dogo, mai sanyi, da tauri kamar icce. Na ce mene ne wannan kuma? Ta ce kwaɓin burodi ne, a daskare ake sayar da shi. Ta bar shi ya saki, ta murza shi da kwalba, ta shafa mai, ta barbaɗa sukari da garin kirfa, ta naɗe shi kamar tabarma, ta yanyanka ta rufe da tsumma. Kafin a kira magariba ya tashi ya cika faranti. Ikon Allah! Kwaɓin da bai san hannun kowa ba, kowa ya saya tashi zai yi masa. Da ƙanshin kirfar ya cika gidan sai na ce mata maganin likita ne ya sa idona ruwa. Ƙarya nake yi, Iya na tuna.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. A wani ƙauye kusa da Kwaya muke, kuma sana'arta gurasa. Tana da tanderu a kusurwar gida, wata ƙatuwar tukunya da aka ɗaure da laka, ana hura wuta ciki a manna kwaɓi jikinta. Ranar jajibirin kasuwa takan yi wata ta musamman. Ta daka mazarƙwaila da ɓawon kirfa da take saye wajen ƴan koli a Magariya, ta shafa, ta naɗe. Wannan ba ta kai ta kasuwa, tamu ce, ni da ƙanwata Hajo.

Lokacin ba mu san yis na kanti ba. Abin da ke tayar mata da kwaɓi wani ɗan curi ne mai tsami da take cirewa duk ranar da ta kwaɓa, ta ajiye na gobe. Uwar kwaɓi take ce masa. Ta ce wajen mahaifiyarta ta samo shi ranar da aka kai ta ɗakin miji, ita ma can haka. A ƴar tukunya take sa shi, ta binne cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda sanyi ke sa shi barci. Kullum da safe ta tono, ta ba shi garin alkama cikin cokali da ɗan ruwa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ni har kishinsa nake yi.

Bayan magariba, kafin kwaɓi ya tashi, sai mu zauna bakin tanderu muna shan ɗumi. Ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ma hannu biyu ka shigo min? Wane irin miji ne wannan, ko gishiri babu?" Ni ɗan shekara takwas sai in kumbura, Hajo ta yi ta ƙyalƙyala. Sannan ta gyara zama ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta can tafe da kaya a kai." Mu ce, "A sauke ta mu gani."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ta ƴar curin kwaɓi muka fi roƙo. Wani gari ne ruwa ya ƙi sauka, sai suka aiki wata yarinya wajen tsohuwar da ke zaune a ƙasan rijiya. Tsohuwar ta ba ta curin kwaɓi kamar ƙwan zabuwa, sanyi ƙalau, ta ce barci yake yi. Ta ce ta kai shi gida, tafiyar kwana bakwai, kada ta gutsura ko da bakin farce. In ta isa zai farka ya cika kowace ƙwarya a garin. A hanya kura ta roƙe ta, ta hana. Hankaka ya yi mata daɗin baki, ta hana. Cikinta ma ya roƙe ta da muryar uwarta, ta ɗaure shi da ɗankwali. Ran na bakwai ta isa, kwaɓi ya tashi, ya yi ta tashi har ya ɗaga jinkar ɗakin mai gari, aka gan shi a fili yana ƙoƙarin ɗaura wando. Nan muke faɗuwa da dariya, Iya kuma ta ce, "Na ajiye ta nan, kada ɓera ya taɓa min," ta miƙa mana gurasa mai zafi.

Sai fari ya zo, na saba'in da uku. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone, gyaɗa ko tonawa ba a yi ba. Babana ya tsallaka Kano neman abin da zai kawo, ya ce har da alkama zai zo wa Iya da ita. Innarmu tana wuni daji tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Tanderu ya huce, ƴar wutar kara kawai ake hurawa a tsakar gida. Amma Iya ba ta daina ciyar da uwar kwaɓi ba. Da alkama ta ƙare ta koma dawa, da dawa ta ƙare ta koma tankaɗe dusa, daga rabonta take cirewa. Innarmu ta taɓa cewa, "Iya, mutane ba su ci ba, tukunya za ta ci?" Iya ta ce, "In ya dawo da gari fa, da me zan tayar? Da ita na aurar da ƴaƴa huɗu."

Tatsuniyar ma ta canja. Yarinyar ta daina isa gida. Yau ta haɗu da ɓauna, gobe da makaho, jibi rana ta faɗi tana tsakiyar daji. Hajo, wadda wuyanta ya koma kamar sillen kara, takan ce, "Iya, yaushe za ta kai?" Iya ta ce, "Ta kusa, uwata. Ba kin ga hanyar ta ƙara tsawo bana ba?"

Wata azahar kowa ya fita, Hajo na kwance a inuwa tana barci. Na je shan ruwa, sai ƙanshin tsamin nan ya bugi hancina. Wallahi ban shirya ba. Na ce zan duba ne kawai. Na tono, na buɗe, na lakato da yatsa ɗaya. Kafin in san abin da nake yi na sa yatsa na kewaye tukunyar tas, har na zuba ruwa na ɗauraye na shanye. Hajo na nan kusa da ni, taku biyar. Ban tashe ta ba, don na san in na tashe ta sai mun raba. Na mayar da murfi, na binne, na shafe sawuna.

Da safe ina leƙe ta jikin zana Iya ta tono tukunyar. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi salati ba, ba ta kira kowa ba. Ta zuba ƴar dusar da ke hannunta ciki kamar kullum, ta rufe ta binne. Ni da duka ta yi min da na fi so.

Bayan magariba ta ce, "Ga ta can tafe," amma ba ta tsokane ni da zancen gishiri ba. Ta ce yau yarinyar ta gaji, ta zauna gindin gawo, ta kwance ɗankwalin cikinta, ta cinye kwaɓin duka. Hajo ta ɗago kai ta ce, "Sai me ya faru?"

"Sai ta tashi ta ci gaba da tafiya. Ai yanzu ƙafarta ta samu ƙarfi."

"To mutanen garin fa?"

Iya ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Suna can suna jira."

Ba ta ce ta ajiye ta ba, kuma ba ta ƙara yin wannan tatsuniyar ba.

Hajo ba ta ga damina ba. Ƙyanda ce ta shigo ƙauyen, ta same ta ba abin da za ta riƙe jiki da shi, kwana biyar aka yi. Babana ya dawo bayan sati uku da rabin buhun gari a kan jakin aro. Iya ta kwaɓa, ta rufe, ta jira kwana uku ko sabon tsami zai kama. Ya ɗan kumbura, ta gasa, ta gutsura ta tauna, ta ce, "Wannan bai san ni ba." Daga ranar kaji suka gaji tanderun. Shekara biyu ta ƙara a duniya, tana kirana maigida har ƙarshe, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Ni ma ban ɗaga ba, tsoro ya hana ni.

Na yi shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma na sha ba yara tatsuniyar nan, mai jinkar mai gari, in rufe da cewa a riƙa haƙuri da riƙon amana. Da bakina fa! Na san cokali uku na ɗanyen kwaɓi ba za su hana ƙyanda ba, likitoci ma sun faɗa min da na yi tambayar a fakaice. Sanin bai taɓa sa ni barci ba. Da ina ce Iya yafe min ta yi da ta ba yarinyar ƙarfin ƙafa. Wani lokaci kuma in ce hukunci ne ta yanke min a gaban Hajo. Yanzu da na kai shekarunta, ina ganin ba ko ɗaya. Abin da ya faru kawai ta faɗa, don ba ta da wani ƙarshen da za ta ba mu.

Rabi ta gasa burodin nan, ta kawo min guda biyu a faranti, suna turiri, sukarin ya narke yana naso. Na ɗauki ɗaya na raba biyu, na ci rabi, na tura rabin gefen faranti. Haka nake yi da duk abin da aka ba ni mai zaƙi, ƴaƴana sun ɗauka ciwon sukari nake tsoro.

Ta ce, "Baba, cinye mana, akwai wani kwaɓin a firigo, ba ya ƙarewa."

Na ce ta bar rabin nan tukuna, mai shi barci take yi.