Jirgin Da Bai Tsaya A Takoradi Ba

Edita, ina yi miki sallama tare da masu karatu. A shekarun da wannan abu ya faru ni matashiya ce mai ji da boko, irin waɗanda in an fito da takardar Turanci a cikin taro sai su miƙa hannu tun ba a ce su karanta ba. Daga Kano na zo Birmingham karatun digiri na biyu, aka haɗa ni a masallaci da wata dattijuwa, Bahaushiyar Zangon Kumasi, mai gida a Handsworth. Hayar ɗaki na je yi, sai na tashi da uwa. Inna nake ce mata, ita kuwa 'yar Kano take ce mini. Ko bayan na yi aure mun koma wani ɗan gidan haya a Hulme cikin Manchester, ni ce mai karanta mata takardun ƙaramar hukuma da na asibiti, ko ta waya, ko in hau mota ranar Asabar in je. Tana da 'ya ɗaya da aka haifa a nan, direbar bas ce, mai kirki ƙwarai, amma Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Inna tana jin Turanci, sai dai kunne ya yi nauyi, tsufa kuma ya mayar da harshenta gida.

Tana amarya ta zo Ingila, a jirgin ruwa daga Takoradi zuwa Liverpool, kuma tun daga ranar ba ta sake taka Gana ba. Jirgin sama take tsoro, tsoro ba na wasa ba. Sau ɗaya mijinta, Allah ya ji ƙansa, ya lallaɓa ta har filin jirgi, ta ƙi shiga, aka dawo da ita gida da akwatunanta. 'Yan uwanta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura ƙaninta, wanda nake kira Kawu duk da ban taɓa ganinsa ba. Yana yaro ta bar shi, ga shi har ya yi jikoki. Burinta a duniya bai wuce ta sa shi a ido sau ɗaya kafin ta koma ga Allah ba.

Wallahi ni na kawo shawarar, ba wanda ya aike ni. A wani shagon sayar da tikiti na ga tallar jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, zai tashi daga kudancin Ingila lokacin sanyi, ya gangara gaɓar Afirka yana tsayawa gari-gari, kuma cikin garuruwan har da Takoradi, wuni guda. Da na karanta wa Inna sai da ta sa na maimaita sunan garin. Ta haɗa kwasar adashinta da ɗan abin da maigidan ya bari, 'yarta ta nemi hutu don ta raka ta, muka biya kafin alƙalami, aka ce sauran za a cira daga katinta na banki in tafiya ta matso. Aka buga wa Kawu aka faɗa masa ranar da jirgi zai tsaya. Ya ce ko da rarrafe ne zai sauko daga Kumasi.

Mai shagon ya ce tsohuwa ba ta shiga jirgi sai da inshorar tafiya, ya ba ni lamba. A falon Inna na buga, na buɗe murya, ni ce tafinta. Matar da ta ɗauka ta ce za ta yi tambayoyi kan lafiyar matafiyar. Na juya na ce Inna, wai yaya lafiyar jikinki? Ta gyara zama ta ce lafiya lau, alhamdulillahi. Na ce wa matar ƙalau take. Ta sake tambaya ko tana da wani ciwo da likita yake dubawa. Na mayar wa Inna, ta ɗan ɓata rai ta ce wane irin ciwo kuma ake kira mata, ita da take tsaye da ƙafarta, Allah ya raba mu da mugun baki. Na yi dariya na ce wa matar babu. Kada in yi wa kaina ƙarya, na zauna a gidan, na sha ganin ƙwayoyin hawan jini a kan firij. Amma mu a wurinmu wa yake lissafa hawan jini cikin ciwo? Ciwo shi ne wanda ya kwantar da mutum. Kuma yaya zan dubi tsabar idon uwata in ƙaryata ta a gaban baƙuwa, bayan ta gode wa Allah? Aka gama, muka sha shayi, ina ta jin kaina na yi aiki.

Ana cikin shiri sai cutar Ebola ta ɓulla a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba a daɗe ba kamfanin jirgin ya aiko cewa an gyara hanya, an cire garuruwan yankin gaba ɗaya, an sa wasu tsibirai a madadinsu. Har da taya mu murna, wai tsibiran suna da rana da rairayi mai kyau. Na buga na ce ai cutar ba ta shiga Gana ba. Saurayin da ya amsa ya ce ya fahimta. Na ce to tunda ya fahimta a mayar da Takoradi ko a mayar mana da kuɗinmu. Ya ce ai tafiya tana nan, jirgi ɗaya, kwanaki ɗaya, abinci ɗaya, abin da aka canza ƙarami ne a tsarinsu. Ƙarami! Na yi ta ƙoƙarin gaya masa cewa tsohuwar nan ba teku ta biya ta gani ba, ƙaninta ta biya ta gani, amma a Turanci maganar ta fita ba nauyi. Cikin fushi na ce to ba ma so, na kashe waya. A zatona na soke tafiya ke nan.

Daga nan kaina ya kulle, kuma har yau in an ce in tsara abin da ya biyo baya daki-daki ba zan iya ba. Kamfanin jirgi ya ce mu koma wa shagon da ya sayar mana. Shago ya ce shi dillali ne, mu nemi inshora. Inshora ta ce canjin hanya ba ya cikin abin da take biya. Ana wata ga wata, sai 'yar Inna ta bugo ta ce an kwashe sauran kuɗin daga kati. Na ce ba zai yiwu ba, na soke. Kamfani ya ce ba ma so ba sokewa ba ce, sokewa a rubuce ake yi, kuma lokacinta ya wuce. Banki ya ce da wane irin kati aka biya, da na faɗa sai aka ce da katin bashi ne, ba na kuɗin ajiya ba, da magana ta yi sauƙi. Lokacin ne gwamnati take ta tsuke bakin aljihu, ofishin ba da shawara na unguwar Inna an rufe shi, na wajenmu a Manchester kuma sai safiya ƙalilan a mako, ka bi layi a cikin ruwan sama ka kai ƙofa a ce an cika. Ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi a lokacin, ranar da ban fita ba babu albashi. Kowa na buga wa sai ya yi mini magana mai daɗi, ya ba ni wata lamba. Da zagina aka yi da na san da wa nake faɗa.

Inna ta fi ni natsuwa. Ta ce tunda ita ba za ta samu zuwa ba, in kuɗin sun dawo sai a yi wa Kawu biza da tikiti ya zo da kansa, shi ba ya tsoron sama. Amma ta ja mini kunne kada a gaya masa an cire Takoradi sai an sami abin da za a maye masa da shi, don ba a kai wa tsoho mummunan labari tsirara. Ni ma na ga hikimar hakan. Duk sanda ya bugo, da yake ni nake ɗauka in ina gidan, sai ya ce 'yar Kano yaya shiri, in ce ana nan ana yi Kawu, in Allah ya yarda komai zai daidaita. Ni a raina ina nufin akwai matsala amma muna fama. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da shi yake ji ba.

Tafiya ta kusa sai Inna ta yanke jiki ta faɗi a kicin da hantsi, tana tuƙa tuwo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka kwantar da ita a babban asibitin nan na Edgbaston. Na yi kuka kamar raina zai fita, amma zan faɗi abin da nake jin kunyarsa: da wata ma'aikaciyar jinya ta ce ai in rashin lafiya ne ya hana tafiya inshora tana biya, sai da na ji wani sanyi a zuciyata. Na ce Allah ya rufe wata ƙofa ya buɗe wata, Kawu zai zo ya ga yayarsa. Likita ya sa hannu, likitanta na unguwa ya aika da bayanan da aka nema, muka zauna jira. Da Kawu ya bugo a tsakanin nan na ce masa jikin Inna ya ɗan motsa, amma da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, na ce amin.

Amsar inshora ta zo cewa ba za su biya ko sisi ba, wai an ɓoye musu ciwo. Na ce wa ya ɓoye? Na ɗaga murya har maigidana ya leƙo. Sai suka ce suna da maganar da aka naɗa, ko ina so in ji. Edita, ban taɓa tsanar muryata ba sai ranar. Ga Inna tana cewa lafiya lau, alhamdulillahi, ga ni ina dariya ina cewa babu. Na yi ta rantsuwa cewa ba ƙarya ta yi ba, haka ake amsawa a wurinmu, ko wanda yake gargara aka ce yaya jiki cewa zai yi da sauƙi. Matar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce cikin ladabi ita ba gaisuwa ta yi ba, tambaya ta yi. Ta ƙara da cewa da an faɗi hawan jinin, ɗan ƙari kawai za a yi mana a kan kuɗin inshorar, shi ke nan. Kamfanin jirgi kuwa, don tausayi wai, ya ba Inna damar wata tafiyar a ruwa da sunanta ita kaɗai, matar da sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. 'Yarta ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi me ya sa ban kira ta ba, ita da ta san duk magungunan uwarta.

An sallamo Inna gida, maganarta ba ta fita sosai. Wata Asabar bayan azahar ina ba ta kunu a cokali sai waya ta yi ƙara. Kawu ne, iska tana kaɗawa a bayansa, muryarsa cike da fara'a. Ya ce 'yar Kano, ga shi a Takoradi tun asuba, yana bakin tashar jiragen ruwa, masu gadi sun hana shi shiga, wai ba su san da wani jirgin fasinja yau ba. Ya ce in kwatanta masa launin jirgin don ya nuna musu. Ya taho mata da goro da daddawa da man kaɗanya, ya ce har sabuwar riga ya ɗinka don kada ta ce ya tsufa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin hidimar asibiti da rigimar inshora na manta sam cewa ranar ce. Tun da aka cire Takoradi ban sake ce masa za ta zo ba, amma kuma ban taɓa ce masa ba za ta zo ba. Da sauƙi na ce, ya ɗauka da sauƙin.

Inna ta ji muryarsa, ta miƙo hannun hagu, na ɗora mata wayar a kunne. Ta buɗe baki tana son ta yi masa bayani, harshe ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne sunan da take kiransa da shi tun yana goye. Ta yi ta maimaitawa, shi kuma yana amsawa yana cewa ga ni, Yaya, ina bakin ƙofa, ki fito. Sai da na karɓi wayar na gaya masa komai tsirara, abin da ya kamata in yi tun watanni. Ya ce ba komai, Allah bai nufa ba. Inna ba ta ga azumin shekarar da ta biyo baya ba. Ba su haɗu ba.

Na san komai da ƙaddara, amma har yau in na zauna sai in rasa wanda zan ɗora wa laifi. Inna ta gode wa Allah ne kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, matar inshora ta rubuta abin da aka gaya mata, Kawu ya yarda da maganata. Ni ce a tsakiya, mai harshe biyu, kuma ni ce ban bambance gaisuwa da tambaya ba. Don haka nake roƙon 'yan uwana da suke yi wa iyayenmu tafinta a ƙasar nan, in aka tambayi lafiyarsu a inshora ko asibiti, ku bar su su yi hamdalarsu, sannan ku tashi ku ɗauko ledar magani ku karanta ɗaya bayan ɗaya. In za ku soke tafiya ku soke a rubuce. Wanda kuma yake jiranku a gida, in an fasa ku ce masa an fasa, ya yi kukansa a ɗakinsa. Ni tausayi na ji na ɓoye wa Kawu, kuma tausayin nan ne ya tsayar da tsoho wuni guda a rana yana jiran yayarsa.