Dekin Alhaji a Kan Tudun Jikwoyi

Ba wanda ya tsaya min a Abuja. Daga ɗaukar kwanon kankare na zama magini, na sayi mota, na gina gidana a Mararaba.

Watan jiya muka zuba wa wani Alhaji, ɗan kasuwa Bakano, dekin bene a kan tudun Jikwoyi. Kwana biyu kacal ya ce a daina ba kankaren ruwa, wai masu kurar ruwa sun ƙi hawowa.

"Oga Sale, ai ya bushe ƙayau!"

Na ce, "Alhaji, bushewar ce matsalar. Iskar tudu tana zuƙe ruwan kafin siminti ya yi ƙarfi, sai ya tsage. 'Ya'yanka ne fa za su kwana a ƙarƙashinsa."

Sai ya ce, "To, yi yadda ka sani."

Na lulluɓe dekin da buhunan algarara, ina kai jarkokin ruwa a motata safe da yamma, har kwana bakwai. Ko tsaga ɗaya babu.

Masu gini a tudu, ku tanadi ruwa kafin siminti. Wanda ya taɓa ganin irin haka ya faɗa mana.

Alhaji kuma, ranar fenti a rubuta a bango: Sale ne ya zuba dekin nan.