Na Goge Harshen Mahaifiyarsa da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, don har yau ban iya faɗin wannan labari ido da ido ba.

A lokacin ni ɗalibin digiri na uku ne a fannin nazarin harsuna a Kuala Lumpur, gwamnati ce ta turo ni, ina zaune a unguwar Taman Melati. Kaina ya yi girma ƙwarai, in na fara magana a majalisa ba mai samun wurin sa baki. Bincikena kan harsunan Banda ne, waɗanda ake yi a Afirka ta Tsakiya da gefen Kongo da Sudan ta Kudu. Dangi ne mai rassa da yawa, masana kuma ba su gama daidaitawa kan wane reshe ya fi kusa da wane ba. Yadda muke aikin shi ne mu jera kalmomin yau da kullum, irin su ruwa, wuta, jini, uwa, mu kwatanta harshe da harshe, mu ga inda kowanne ya dace. Duk wannan cika baki, ban taɓa jin Banda daga bakin mai rai ba, sai a littafi.

Wata Juma'a bayan salla na ji wani dattijo yana gaisawa da 'yan uwanmu Hausawa da wata irin Hausa mai karkacewa. Ashe mutumin Afirka ta Tsakiya ne, yaƙi ya koro shi, yana gasa nama a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Cikin Hausawa fatake ya tashi, amma mahaifiyarsa 'yar Banda ce, daga wani ƙauye da ya ce yanzu kango ne. Na manne masa. Ina ce masa Baba, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malam. Duk Lahadi muna haɗuwa a mamak, wato wani wurin shan shayi a unguwar Wangsa Maju, ina tambaya yana amsawa, wayata tana naɗar muryarsa. Wani lokaci sai ya rufe ido ya daɗe kafin kalma ta zo, ya ce yana jiran ya ji yadda tsohuwarsa take faɗinta. Abu ɗaya ya roƙe ni: in adana muryar saboda 'ya'yansa mata biyu, waɗanda in ya yi musu magana, da Malayanci ko Turanci suke amsawa.

Da na zauna kwatantawa sai kalmomin Baba suka ƙi shiga reshen da littattafai suka sa yankinsu. Da yawa ba su yi kama da komai a jerin da nake da shi ba. Mai hankali zai gane ya tsinci abu mai daraja, wataƙila karin harshen da ba a taɓa rubutawa ba. Ni kuwa tsoro na ji. Wa'adin karatuna ya kusa cika, kuma ban ga yadda zan tsaya gaban masu jarrabawa in ce mai gasa nama ya fi littafi gaskiya ba. Sai na bi jerin ɗaya bayan ɗaya, duk kalmar da ta yi gardama na cire ta, na sa ta tsohon ƙamus a madadinta. Jadawalin ya fito tsaf. Don kada wani ya nemi jin asalin muryar, na goge ta daga waya da kwamfuta, na yaga takardun da na yi rubutu a kansu. Na ci jarrabawa, aka yaba mini, na daina zuwa mamak.

Ina shirin komawa gida matar Baba ta kira ni. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, bakinsa ya daina magana, yaran kuma suna so su ji muryar da ya ce Malam ya ajiye musu. Na ɗauki kundin bincikena na tafi. Na tarar da shi kwance, 'ya'yan zaune a gefensa. Na yi ƙarya cewa wayar ta lalace, amma komai yana rubuce, na buɗe na fara karantowa. A kalma ta uku Baba ya ɗago ido ya kalle ni. Na ci gaba, ya girgiza kai a hankali. Babbar 'yar tana maimaitawa bayana, tana murna wai tana koyon yaren kakarta. Sai ya miƙo hannunsa mai lafiya ya rufe kundin, ya juya fuska ga bango.

Na taɓa jin kunya a rayuwa, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ban nemi gafararsa ba, ƙarfin halin bai zo mini ba, har na bar ƙasar.

Yau ina koyarwa, ana kirana Dakta, kuma duk sanda aka kira sai gabana ya faɗi. Ga masu bincike 'yan uwana, in abin da mutum ya faɗa muku ya saɓa wa littafi, ku rubuta shi yadda ya faɗa, don amana ce ya ba ku. Shi littafi yana nan a ɗakin karatu, gobe ma za a same shi, amma mai magana ba lallai a sake samunsa ba. Na yi ta ƙoƙarin tuno kalmomin Baba in aika wa 'ya'yansa, amma duk wadda ta zo mini, tawa ce da na sa, ba ta mahaifiyarsa ba.