Amalanken da Baba Ya Ɗaura wa Babur

Shekaru sun ɗan ja, kuma a lokacin ban rubuta komai ba sai tsarin tafiyar da za a yi, don haka mai yiwuwa ne wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ba zan rantse a kan ranaku ba, ko a kan wanda ya fara faɗin wace magana. Abin da nake da tabbacinsa shi ne a Kubwa aka yi abin, gab da faɗuwar damina, a shekarar da na gama hidimar ƙasa nake zaune a gida ina jiran aiki.

Baba ya yi ritaya ke nan, bayan shekaru masu yawa yana bin bas zuwa cikin gari kowace safiya. Da ya samu lokaci sai ya mai da bayan gidanmu wurin renon itatuwa. Yana da dashen mangwaro da lemo kusan arba'in a cikin baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowanne shi da kansa ya yi masa aure da reshen iri mai kyau. Burinsa ya dasa su a gonar da ya gada a ƙauyenmu, can bayan Pankshin, da ruwan farko. A shekarar da ta gabata ya gwada aika wasu ta tashar mota a Utako. An ɗora musu buhuna a but ɗin mota, suka isa a kakkarye, babu wanda ya rayu. Bai zargi kowa ba, amma ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai.

Wannan karon sai ya ce shi zai kai su da kansa, a kan babur ɗinsa, yana jan ƙaramar tirela a baya. Shi amalanke yake ce mata, mu ma muka bi bakinsa.

Mama ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Baban yara, a shekarunka? Kubwa zuwa Filato a kan mashin, da wutsiya a baya?"

Ya ce, "Madam, ai ba tsere zan yi ba. Inda na gaji in tsaya."

Sun yi kwanaki suna wannan ja-in-ja, ba da faɗa ba. A ƙarshe Mama ta kawo sharaɗi. A ƙera amalanken, a loda shi da kayan gaske, a gwada a kan titi, sannan ni, tunda ni ce na yi jami'a, in faɗa mata ko lafiya ko ba lafiya. In na ce a'a, magana ta ƙare, dashen kuma sai a raba wa maƙwabta. Baba ya yarda nan take, yana murmushi, kamar ya san abin da zan ce. Ni kuwa ilimin taswirar ƙasa na karanta, ban san komai game da tirela ba. Kuma duk gidan sun san ni da cewa "ya danganta" ko da an tambaye ni shinkafa zan ci ko tuwo.

Na fara da abin da na iya, wato hanya. Babur ba ya ratsa tsakiyar Abuja ba tare da an tsayar da shi da tambayoyi ba, balle mai jan kaya, don haka na zana masa hanyar baya: Dutse, Bwari, Jere, Kwoi, Kafanchan, a kwana a gidan ƙanwar Mama, washegari a hau tudun Jos a gangara Pankshin. Na sa alama a duk inda nake zaton akwai mai faci da gidan mai. Na rubuta abin da za a yi in taya ta fashe, in ruwa ya sauko, in sarƙa ta tsinke. Da na kai shafi na huɗu Baba ya leƙo ya ce, "Farfesa, kin manta abin da za mu yi in komai ya tafi daidai."

Mai waldan unguwarmu ne ya ƙera amalanken, wani mutumin Zariya mai yawan barkwanci. Ya samo tayoyin tsohon babur guda biyu, ya haɗa su da ƙarfe, ya shimfiɗa katako a kai, ya yi masa dogon wuya da zai kama bayan babur, da 'yar sarƙa ta biyu ko da mahaɗin ya kwance. Ya kuma yi masa rumfar buhu saboda rana da iska. Kullum sai na je da tambayoyina.

"Oga, wannan waldar za ta riƙe kuwa?"

"Insha Allahu."

"To, in an faɗa rami fa?"

"'Yar Baba, ramin ne zai ji jiki."

Da na dame shi, wata rana ya hau amalanken da kansa, ya kira mai shayin da ke gefensa, wanda ya ninka shi ƙiba, suka yi ta tsalle a kai suna dariya. Amalanken bai ko motsa ba. Na ce wa mai waldan wannan ba gwaji ba ne na kimiyya. Ya ce in kawo kimiyyar ita ma ta hau.

Ranar Asabar da safe aka sa gwaji. Ni na tsara lodin, kuma a nan na yi kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. Tunanina shi ne in tausaya wa babur ɗin. Tayarsa ta baya za ta ɗauki Baba da jaka, don haka na ga bai kamata nauyin amalanken ya ƙara danne ta ba. Sai na jera ƙananan dashen a gaba, na tura manyan can ƙarshe, tare da jarkoki biyu na ruwan ban-ruwa. Da na ɗaga wuyan amalanken da yatsa biyu sai ya tashi sakayau. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira Mama ta gani.

Baba ya hau, ya bi miƙaƙƙen titin da ke bayan layinmu, mu kuma muna tsaye a bakin kwalbati. Da fari lafiya lau. Da ya ɗan ƙara wuta sai amalanken ya fara kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kamar agwagwa, yana jan bayan babur ɗin tare da shi. Na ga ƙafafun Baba sun sauko suna neman ƙasa. Allah ya taimaka ya rage gudu a hankali ya tsaya a gefen hanya. Leda ɗaya ce kawai ta kife.

Ya dawo yana tura babur ɗin. Bai dubi Mama ba, ni ya duba. Mama ta ce, "To, mun gani. Ke muke jira." Abin da na gani da idona a'a ne, amma na san abin da a'a za ta yi wa Baba.

A daidai lokacin wata tsohuwa 'yar Gbagyi, wadda ke kawo mana doya daga gonarsu duk Asabar, ta iso da ƙatuwar ƙwaryarta. Kaka muke ce mata. Kamar sauran matan garinsu, ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin a mai da shi abin dako. Ashe ta ga duk abin da ya faru tun daga nesa. Ta sauke ƙwaryar, ta zagaya amalanken, ta ɗaga wuyansa da hannu ɗaya ta sake shi.

Ta ce, "Wa ya yi wannan lodi?"

Na ce ni ce, Kaka.

"Kai 'yar boko, zo nan." Haka Hausarta take, kowa kai ne. Ta ɗauki ƙwaryar doyar ta aza mini a kafaɗa, ta manna ta da wuyana. "Yi tafiya." Na yi taku biyar, da nauyi amma ina iya tafiya. Sai ta ja ƙwaryar baya kaɗan, ta bar ta a ƙarshen kafaɗata tana riƙe da gefenta. "Yi kuma." Taku biyu na yi na fara tangaɗi, ƙwaryar na juya ni inda take so. Mai walda, wanda ya zo kallon aikinsa, ya riƙe ciki yana dariya.

Kaka ta ce, "Kaya yana son jikin mai ɗauka. Ka kai shi nesa, shi ne zai tuƙa ka. Mashin ma haka."

Mai walda ya ce, "Wallahi gaskiyarta. Ni ma da na duba lodin da na faɗa."

Mama ta ce, "Da ka duba."

Muka sauke komai muka sake. Kaka na tsaye tana nuni da bakin sandarta. Jarkokin ruwa suka dawo tsakiya, a kan tayoyin, ɗan gaba kaɗan. Manyan dashen suka bi su, ƙananan suka koma baya, aka cusa busasshiyar ciyawa a tsakanin ledojin don kada su goga juna. Yanzu wuyan amalanken sai da hannu biyu nake ɗaga shi, amma ba har ya durƙusar da babur ba.

Baba zai hau sai na ce ya tsaya. Na ce ba zan iya yanke hukunci daga bakin kwalbati ba, sai na ji da jikina. Na ari hular kwano a wurin mai walda na hau bayansa. Ban taɓa zaton zan yi haka ba, ni da ko acaba ba na hawa sai dole.

Muka bi titin, muka wuce inda ya tsaya ɗazu, muka fita hanyar Dutse. Ina ta waiwaye. Amalanken na bin mu tiryan-tiryan kamar ɗan akuya a bayan uwarsa, ganyen mangwaro na rawa a ƙarƙashin rumfa. Muka hau wani ɗan tudu, muka gangaro, Baba ya taka birki da gangan har sau uku, bai kauce ba. Can sai na ji yana rera waƙar coci da muryarsa marar daɗi, yara a bakin hanya suna ɗaga mana hannu. Ban san lokacin da na daina waiwaye ba.

Da muka dawo Mama na nan inda muka bar ta, hannu a ƙugu.

Na ce, "Mama, a ganina, idan ba a wuce wani gudu ba, kuma idan hanya..."

"Ba lacca na tambaye ki ba. E ko a'a?"

Na ce, "E. Amma tare za mu tafi."

Baba ya cire hularsa ya zauna a kan kwalbati yana dariya har da hawaye. Mama ta shige gida. Ranar Litinin ta tafi kasuwar Kado ta dawo da kwali guda na busasshen kifi na tsarabar dangi, ta ajiye a gabana ta ce, "Wannan kuma ina za ki sa shi, gaba ko baya?" Na ce sai na tambayi Kaka.

Ranar Laraba da hantsi muka tashi, bayan Mama ta yi mana addu'a mai tsawo a ƙofar gida, ta ambaci kowane gari da ke cikin takardata, har da masu faci. Kwana biyu muka yi a hanya kamar yadda aka tsara. Taya ta yi faci sau ɗaya kusa da Kwoi, yayyafi ya taɓa mu a hawan Jos, bayana kuma ya yi mako yana ciwo. Dashen sun isa da ransu in ban da biyu ko uku, muka dasa su a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni ina haƙa rami Baba yana sakawa.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Baba yana cewa tun farko ya san lodin bai yi ba, kawai bai so ya kunyata ni ba ne. Mama kuma ta ce leda uku ce ta kife, ba ɗaya ba. Mutanen layinmu da yawa suna wurin a ranar Asabar ɗin. Duk wanda ya ga abin kuma ya tuna shi ba kamar yadda na faɗa ba, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, ko ya biyo ta gida ya faɗa mini, zan karɓa da godiya.