Khalilu da Jirgin Kiwo

Khalilu ɗan Malam Hussaini ne, wani makiyayi a Bobi, amma tun da ya gama sakandare ya rantse shi da bin saniya sai dai a hoto. Ya tattaro ya dawo Kontagora, ya kafa laima da kujerar roba a bakin tasha yana sana'ar POS. Yaro ne mai fara'a, ba ya shan taba, ba ya caca. Aibinsa ɗaya, babban yatsansa na dama ba ya jin magana.

Wata manhaja ce ta raba shi da zaman lafiya, irin mai cewa karɓi kaya yau, ka biya kaɗan-kaɗan. Khalilu ya ji "karɓi kaya yau" raɗau, sauran kuwa hayaniyar tasha ta cinye. Da ciniki ya yi sanyi sai ya hau latse-latse. Ya sayi agogo mai ƙirga taku, shi da yake wuni a zaune. Ya sayi injin markaɗe, a ɗakin da wutar lantarki ke leƙowa kamar baƙon da ya yi ɓatan kai. Ya sayi takalmi, aka kawo duka biyun na ƙafar hagu.

Markus, abokinsa ɗan acaɓa, shi ke ɗauko masa kayan idan sun iso.

"Wai kai, wa ya ce maka rabon sadaka ake yi?" in ji Markus.

"Ba bashi ba ne fa, tsari ne."

"To, Allah ya tsare mu da wannan tsari."

Ana nan sai ya ga tallar wani ɗan jirgi mara matuƙi, mai kyamara, faɗinsa kamar faifai. Nan take dabara ta faɗo masa: ai wahalar kiwo ta ƙare. Ya latsa. Ranar da jirgin ya iso, Markus ya goya shi har Bobi. Lokacin dawa ta yi kai, ana jiran girbi.

"Baffa, daga yau a inuwa za ka zauna," ya ce wa mahaifinsa. "Wannan zai riƙa duba maka shanu daga sama."

Malam Hussaini ya dogara sanda ya ƙare wa abin kallo. "Ya san sunayensu?"

"Zai koya."

Jirgi ya tashi da ƙara kamar taron ƙudan zuma. Shanu suka ɗaga kai. Babban bijimin ya ɗaga wutsiya ya arce, garke kaf ya rufa masa baya, ba su tsaya ko'ina ba sai tsakiyar gonar dawar maƙwabcinsu Irmiya. Khalilu ya ruɗe ya danna abin da bai kamata ba, jirgi ya yi kan tafki ya nutse ko sallama babu.

Irmiya da Malam Hussaini sun daɗe suna zaman mutunci, don haka maganar ba ta je gaban kowa ba. Suka yanke cewa Khalilu zai zauna ya girbe abin da ya rage a gonar da hannunsa. Ya yi girbin har tafinsa ya yi kanta, laimarsa na can naɗe a Kontagora.

Da biya ya tsaya, masu manhaja suka shiga kiran lambobin da ke wayarsa. Wata rana Malam Hussaini ya kira shi gefe.

"Akwai wata yarinya mai Turanci da ke kirana kullum, ba na jin komai sai sunanka. Idan aure ne, ka faɗa mini 'yar wace ce."

Khalilu ya sunkuyar da kai ya yi bayani. Tsohon ya ce da ma auren ne da ya fi masa sauƙi.

Bayan girbi ya koma tasha, ya sayar da injin markaɗen ga mai shayi, ya lallaɓa ya fita daga hannun mutanen. Yanzu wata 'yar ƙaramar waya yake riƙewa, mai tocila.

Sai dai kafin ya bar Bobi, Irmiya ya ja shi bayan rumbu ya ce ya nuna masa yadda ake latsa abin nan. Zuwa yanzu dattijon ya mallaki gilashin ninkaya da kujerar tausa. Matarsa Fure ta aiko Markus ya gaya wa Khalilu cewa duk ranar da ya sake taka Bobi, ita da muciyarta suna jiransa.