Daga Dama Zuwa Hagu

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina zana sassan inji a wata masaƙa a Kakuri, kuma duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa ce mini layina ya karkace. Da sojoji suka koma bariki mun ɗauka masaƙu za su farfaɗo. Ina! Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne a bango. Shekara biyu na yi zaune a gida a Sabon Tasha, namiji da lafiyarsa, matata ke tuyar ƙosai a bakin titi muna ci.

Yayanta ne ya gaji da gani. Ya zo daga ƙauye ya zaunar da ni kamar ɗan cikinsa, ya ce idan wata ya ƙare ban sami aiki ba zai zo da mota ya kwashe ta da yara, ni in na ga dama in zauna in ci gaba da gadin Kaduna. Da wane baki zan yi masa musu? Abin da ya tsaya mini a wuya 'yata ce ta fari. Saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare, a ƙauyen kuwa karatu ya ƙare ke nan, sai gona. Tana jin duk abin da kawunta ya faɗa.

Saura mako guda wata ya ƙare wani dattijo a cocinmu ya haɗa ni da wani injiniya a Barnawa mai neman mai zane. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan wani gida. Oga, wato injiniyan, yaro ne, bai kai ƙanena ba, amma yana kirana Baba da ladabi. Ya ce zai gwada ni daga Litinin zuwa Juma'a. Na waiga ina neman teburin zane da doguwar rula, babu. Kwamfuta ce kawai, da wani ɗan abu mai wutsiya a gefenta da suke kira maus. Ya haɗa ni da abokiyar aikinsa, wata injiniya 'yar Filato da kowa ke ce wa Madam, ta koya mini.

Akwai abin da ban gaya musu ba: ni bahago ne. Tun ina yaro babana yake ɗaure mini hannun hagu in za a ci tuwo, malamin firamare kuma ya ƙarasa da rula a bayan yatsu. Na koyi ci da rubutu da gaisuwa da dama, amma zane ya ƙi. A masaƙa teburina yana lungu, nakan ja layina da hagu, daga dama in gangaro, babu ruwan kowa. A nan kuwa maus yana hannun dama, Madam tana tsaye a kaina. Kunya ta hana ni matsar da shi. Dattijo da furfura ya miƙa hannun hagu a gaban mace mai koya masa aiki? Na ɗora dama.

Aikin da ke gabansu hasumiyar ƙarfe ce ta ɗora tankin ruwa. Tana nan a fuskar kwamfuta, ƙafafu huɗu dogaye daga ƙasa har sama, da gajerun ƙarafa da suka gicciya tsakaninsu hawa hawa. Madam ta nuna mini: ka motsa maus ka kai 'yar kibiyar da ke fuskar kwamfuta kan ƙarfe ka danna, sai ya sauya launi, ka zaɓe shi ke nan. Ka danna maɓallin dama na maus, sai wata 'yar taga ta buɗe ta gaya maka tsawonsa da kaurinsa da nauyin da yake ɗauka. In kana son da yawa a lokaci guda, ka danne ka ja akwati a kansu. Ta ce duk abin da na zaɓa in buɗe tagarsa in duba kafin in taɓa shi. Ta maimaita har sau biyu. Na ce na ji, alhali hannuna nake kallo.

Kwana uku ina fama. In nufi wannan ƙarfe in kama wancan, in danna sau ɗaya ya zama biyu. Maus ya kai bakin tebur in rasa yadda zan yi, sai Madam ta ɗaga shi ta mayar tsakiya. Ga wuta da ake ɗaukewa, a tsaya jiran janareta, lokacina yana tafiya. Kullum na koma gida matata ta dubi fuskata, in ce mata ana kan yi. Ranar Laraba na ga an ajiye wani kwalin taliya babu komai ciki a bayan ƙofar ɗakinmu. Ban tambayi na mene ne ba.

Ranar Alhamis aka ba ni aiki na gaske. An riga an sa wa ƙafafun bututu mai kauri. Nawa shi ne in zaɓi ƙarafan gicciye in sa musu siririn ƙarfe mai kwana, in ɗora nauyin ruwa, in sa kwamfuta ta yi lissafi, in kawo sakamako. Madam ta fita duba wani gini a Kamazou. Na ja akwati a kowane hawa, na sa siririn ƙarfe, na danna. Hasumiya ta yi jawur, ƙafafunta suka lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Na buɗe sabo na sake, ta sake durƙushewa. Na uku ma haka.

Allah ya sani, murna na yi. Wannan ita ce wautar da har yau in na tuna nake jin zafi a kunnena. Na ce a raina, yaran zamani da kwamfutarsu, ga tsohon hannu ya gano abin da ya shige musu, tanki zai faɗo wa mutane a ka, ni zan hana. Wa zai kori wanda ya yi haka? Ban buɗe taga ko ɗaya ba. Na tashi na tura ƙofar Oga ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Yana tare da baƙo, wani Alhaji, ban san shi ne mai tankin ba.

"Oga, wannan hasumiya taku ba za ta tsaya ba," na ce. "Sau uku na gwada, sau uku tana faɗuwa."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. Oga ya taso, Alhaji na biye da shi, daidai lokacin Madam ta dawo. Oga ya sunkuya, ya kai kibiya kan ƙafa ɗaya, ya danna dama. Taga ta buɗe. Siririn ƙarfe. Ya duba ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk siririn ƙarfe, ni na sa musu da hannuna. Ya yi wa Alhaji bayani har da rantsuwa, Alhaji yana gyaɗa kai, amma da zai tafi cewa ya yi zai yi shawara tukuna.

Madam ta ce in sake a gabanta ta ga yadda na yi. Na fara jan akwati, ta riƙe mini hannu. Ashe in ka ja daga hagu zuwa dama, abin da ya shiga ciki gaba ɗaya kawai yake kamawa. In ka ja daga dama zuwa hagu, duk abin da akwatin ya shafa ko da gefe ne sai ya kwashe, har dogayen ƙafafun. Ita ba ta taɓa tunanin faɗa ba, don ba ta taɓa ganin wanda ya fara ta dama ba.

"Baba, kai bahago ne?" ta tambaya a hankali.

Na ce e. Shekara hamsin da 'yan kai, ban taɓa faɗa da bakina ba sai ranar. Ta ɗauki maus ta zagayo da shi hagu, abin da bai kai daƙiƙa biyu ba.

Na bi Oga ofishinsa na roƙe shi. Ba zan ɓoye ba, har ƙasa na durƙusa wa yaron da na girma, na gaya masa zancen mota da ƙarshen wata da karatun 'yata. Ya kama kafaɗata ya tashe ni, idonsa ya yi ja, shi ma Alhajin nan yake jira tun watanni.

"Baba, da ka ce ba ka gane ba, da wata guda ma zan ba ka. Amma ba ka duba ba, ka zo ka ce aikina zai kashe mutane, a gaban mai aikin. Ba zan iya ba."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo. Kafin in tafi na roƙi Madam ta bar ni in yi sau ɗaya. Na ɗora hagu. Kibiya ta tafi inda na aike ta kamar fensirina na da. Na ja daga hagu, na buɗe taga a kan kowace ƙafa na karanta, na danna. Hasumiya ta tsaya cak, kore shar. Minti biyar bai cika ba. Ni da Madam kaɗai muka gani, ita ma kawar da kai ta yi.

Da ƙafa na koma Sabon Tasha, rana tsaka, don kada in isa da wuri. Matata tana bakin titi wurin ƙosai, 'yata na tarar a tsakar gida tana karatu. Na shirya ƙaryar da zan yi tun daga hanya, na ce gobe ma akwai sauran gwaji. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo mini ruwa. Sannan ta shiga bayan ƙofa ta ɗauko kwalin taliyar, ta fara jera littattafanta a ciki, manya a ƙasa.