Zomon da Baba Ya Kawo Mini daga Maraɗi

A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, na zo gidan iyayena a Dakoro haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ɗan bai kai ranar suna ba Allah ya karɓi abinsa. Mijina yana can Rumbu yana fama da gona, ya ce in zauna gida har in warware. Inna ta ci gaba da yi mini wankan jego, tana dama kunun kanwa, ni kuwa in kurɓa kaɗan in ture kwanon. Yini nake yi a kwance ina kallon rufin ɗaki.

Baba fataucin hatsi yake yi tsakanin Dakoro da Maraɗi. Ba mai yawan magana ba ne, ga kuma kunyar ɗiyar fari, don haka bai yi mini gaisuwar rashin da bakinsa ba. Wata rana da la'asar kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke shi, ya shigo da kwando a hammata, ya ajiye a bakin ƙofata.

"Ga wannan," ya ce, yana kallon gefe. "Ba ni da mai duba shi."

Ɗan zomo ne fari, irin na gida da Turawa suka bari a Maraɗi. Bai cika tafin hannu biyu ba. Da na ɗauke shi sai na ji zuciyarsa tana bugawa a yatsuna. Ranar na fita tsakar gida da ƙafata don in nemo masa abinci.

Ƙarshen damina ne, ganye ko'ina. Baba ya haɗo da ɗan damin ingirici, busasshiyar ciyawar nan da ake tanada wa dabbobi, amma na ga ta yi wa jariri kaushi, na jingine ta a lungu. Ganyen wake nake tsinko masa da raɓarsa, da rama, da salati daga jardan, wato lambun maƙwabcinmu. Yana ci, ina ƙara masa. Ba a daɗe ba na iske shi wata safiya a takure, cikinsa ya kumbura, zawo ya ɓata masa gashi. Na miƙa masa salati, ya kau da kai. Na zauna a ƙasa na fashe da kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Inna ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu, ba ta ce in yi shiru ba.

Ranar kasuwa ce, ƙanen Inna ya zo daga Azagor sayar da tumaki. Ya tsuguna, ya latsa cikin zomon a hankali.

"Ɗiyata, mi kike ba shi?"

Na lissafa masa.

"Cikin ƙaramar dabba bai ɗaukar ɗanye da yawa. Ko ɗan rago aka saki cikin sabuwar ciyawa haka yake yi. Janye ganyen duka. Ingirici da harawar wake kada su yanke a gabansa, da ruwa mai kyau. In kashinsa ya koma ƙwaya-ƙwaya, ki fara da ganye guda, wanda ya sha iska."

"Zai tashi, Kawu?"

"Ban sani ba. Ki yi naki, sauran na Allah ne."

Baba bai yi tafiya ba a satin nan. Kullum bayan asuba sai ya shimfiɗa buzu kusa da ƙofata, ya baje harawa, yana tsince ƙarangiya da wadda ta yi fumfuna, ya turo mini mai kyau. Hirarmu ba ta wuce haka:

"Ya ci?"

"Ya taɓa kaɗan."

"To, madalla."

Sannu a hankali kumburin ya saɓe, zomon ya fara gurgurar karan harawa. Daga nan wahalar ta dawo kaina, domin da ya hango ganye a hannun Inna sai ya miƙe a kan ƙafafun baya yana shinshina. Raina yana so in cika masa gaba, amma sai in ba shi ganye guda in ɓoye sauran. Da ya ƙara girma na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ina duba kashinsa kowace safiya, kuma ban sake barin kwandonsa babu busasshe ba.

Wata safiya Baba yana tsince harawa, kansa a sunkuye, sai ya ce, "Ni na ɗauki jaririnki zuwa makwanci. Kamanninki ne sak, ranar da aka haife ki."

Na ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Baba."

Ya ce amin, ya kakkaɓe buzunsa ya fita zaure. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Bayan an gama girbi mijina ya zo da jaki ya ɗauke ni. Da ya ga kwandon a cinyata ya yi murmushi, muna isa Rumbu kuwa ya gina wa zomon ɗan akurki a inuwar rumbu, ya kuma ware masa damin harawa daga na awaki. Zomon ya yi shekaru tare da mu. Ɗiyar da na haifa daga baya ta iske shi, har ta koyi tafiya tana bin sa a tsakar gida. Tsufa ne ya kashe shi, wata bazara, muka binne shi a bayan danga.